Tenente Ya Amsa Ƙaho

Taɓo ya kai wa Nicanor har ƙugu kafin ya samu ya zarga igiyar a ƙahonin tsohon san da ya maƙale. Ya ɗaure, ya gwada ƙullin da hannu biyu, sannan ya ɗaga kai ya daka wa abokin aikinsa Ramão tsawa.

"Ja mana! Ko sai rana ta faɗi?"

Ramão na bisa alfadarinsa a bakin tafkin. Ya zunguri dabbar, igiyar fata ta miƙe har tana ƙara. San ya yi wani dogon nishi, wuyansa ya miƙe, ƙirjinsa ya ɗan ɗago, amma ƙugunsa ko gezau. Suka sake, suka kuma sakewa. A ja na ƙarshe ƙafarsa ta baya ta leƙo daga cikin lakar, a lanƙwashe ta inda ƙafa ba ta lanƙwasawa. Nicanor ya ɗaga hannu, aka sassauta.

"Ta karye, kumpadre," in ji Ramão, da kalmar da aminai ke kiran juna da ita a nan. "Ko tarakta ka kawo, gawa za ka ciro."

"Na gani. Ba a ƙeya idona yake ba."

Sunan san Tenente, kuma duk gandun shanun babu dabbar da ta kai shi shekaru. A zamaninsa shi ne jagoran garke. Idan ruwan fadamar Pantanal ya taso ya fara cinye makiyaya, aka tashi kai shanu tudu, babu bulalar da za ta sa garke ya faɗa kogi. Sai Nicanor ya wuce gaba ya busa ƙaho, Tenente ya shiga ruwa bai waiwaya ba, sannan sauran su biyo shi kamar an ja zare. Sa irin wannan ba a sayar da shi, ba a cin namansa. In ya tsufa a bar shi ya ci ciyawarsa, in kwanansa ya ƙare wanda ya busa masa ƙaho shi ke sallamarsa da hannunsa, a haƙa rami a rufe shi. Haka Nicanor ya taras, ba wanda ya taɓa tambayar dalili.

Yana tsaye a cikin taɓon yana mayar da numfashi, sai idonsa ya bi sawun san. Bai bi ta gefe ba, inda ƙasa ta bushe ta tsage. Daga inuwar da yake kwana ya miƙe sak cikin tafkin, kamar an ja layi. Nicanor ya ɗaga ido ya bi layin har ɗaya gaɓar, can nesa bayan ciyayi, ya hango dandamalin katakon da baƙi masu zuwa kallon namun daji ke zama su ga faɗuwar rana.

Jiya da yamma a kan dandamalin nan ya tsaya da hularsa ta fata ya busa musu ƙaho, kamar yadda yake yi wa kowane rukunin baƙi. Doguwar busar nan suka fi so, mai tashi sama ta gangaro, wadda ake yi in za a shiga ruwa. Da can Tenente na makiyayar da ke bayan kurmi, ba ya ji. Amma fari ya ƙafar da ruwan can, kuma Nicanor da kansa ya koro shi bakin wannan tafkin a makon jiya. Ya koro shi, ya manta. Sabo turken wawa: an busa, tsoho ya tashi ya shiga aiki.

Bai faɗa wa Ramão ba. Shi ma Ramão hankalinsa na wani wurin, ya sauka daga alfadari ya tsugunna a gefen laka.

"Zo ka ga wadda ta zo gaisuwa da asuba."

Sawun damisa ne, sabo fil, faɗinsa ya kai tafin hannu. Ta zagaya bakin taɓon, ta tsaya, ta koma kurmi. Kafin Nicanor ya fito daga lakar, Ramão ya riga ya ciro oba-oba daga ɗamararsa yana sanar da gida. Doka ce, duk wanda ya ga sawu ya faɗa. Kuma Ramão, Allah ya yi shi, labari ba ya kwana a bakinsa.

Da suka koma gida, Nicanor ya iske Graciele a barandar baya tana shirya kwalaben ruwa a akwatin ƙanƙara. Ita ce manajar masaukin baƙin. 'Yar amininsa ce marigayi Anacleto, kuma Nicanor ne ya riƙe ta ranar baftismarta, shi ya sa take kiransa padrinho, wato uban baftisma. Ba ta cika talatin ba, amma ƙasan idonta ya yi baƙi kamar na mai jego.

"Sa min albarka, padrinho."

"Allah ya yi miki albarka. Tarakta nake so. Zan sallami Tenente, a ciro shi a rufe."

Ta ci gaba da jera kwalabe. "Ba yau ba."

"Ban ji ba."

"Ka ji, padrinho. Kada kowa ya sake zuwa wajen. Ba tarakta, ba doki, ba warin mutum. Damisar ta gan shi, za ta dawo da yamma. In yana motsi yana kuka ta fi saurin fitowa."

"Da ransa fa, yarinya."

"Na sani." Ta rufe akwatin, ta zauna a kai. "Mutanen nan teku suka hayo. Sun ga kada har sun ƙoshi da kada, sun ga aku, sun ga barewa. Kullum in na shiga wajen karyawa, kafin su amsa gaisuwa sai sun tambaye ni damisa, kamar a aljihuna na ɓoye ta. Gobe da safe za su tafi. Abin da suka rubuta a intanet shi za mu ci baɗi. Tun gobarar bara ka fi ni sanin ba shanu ke ciyar da gidan nan ba."

"Ubanki ya haye kogi riƙe da wutsiyar san nan. Da ba don shi ba, da tun kina yarinya kin zama marainiya."

"Ubana ya mutu bai bar mana ko ɗan maraƙi ba." Ta faɗa ba da faɗa ba, da muryar wadda ta gaji da faɗin abu ɗaya. "Ban ce a ɗaure mata shi ba, padrinho. Ba ni na sa shi a taɓo ba. Shi ya kai kansa. Mutuwa dai zai yi, ko da wuƙarka ko da haƙorinta. Ka bar ni in amfana da ita."

Ya juya hularsa a hannu, ya mayar kai, ya wuce.

A kicin matarsa Zulmira na soya shinkafa da busasshen nama a babbar tukunya. Ta dubi wandonsa da laka ta bushe a kai, ta tura masa kujera da ƙafa, ta zuba ruwan sanyi a ƙoƙon terere, shayin ganyen da ake sha da sanyi, ta miƙa masa. Ya zuƙa, ɗacin ganyen ya sauka, bai ji daɗin komai ba.

"Kai ne ko?" ta ce, ba ta juyo ba.

"Ni ne me?"

"Kada ka raina min hankali, Nicanor. Jiya ina wanke-wanke na ji ka saki busar shiga ruwa, na ce a raina tsohon nan wa yake kira? Ashe akwai mai amsawa."

Ya ajiye ƙoƙon.

"To yanzu fa?"

"Ta ce kada a je."

"In ta ce kada a je, kada a je." Zulmira ta buga ludayi a bakin tukunya. "Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Gidan da muke ciki na gandu ne, gadon ma na gandu ne. In ta kira mai gandun ya ce mu tattara, ina za mu? Ɗakin 'yarka a garin Aquidauana, mu kwana da jikoki a ƙarƙashin tebur? Gwiwoyinka sun tafi, bayana ya tafi. Wa zai ɗauki tsofaffi biyu?"

"Na ce miki zan je ne?"

"Shekara nawa ina wanke maka wando? Ba sai ka ce ba." Ta zuba abinci a kwano ta dangwarar a gabansa. "Ci. Ko me za ka yi, kada ka yi shi da yunwa."

Ya ci loma biyu don kada ta yi magana. Daga nan ya fita ya ɗaura wa dawakin baƙi sirdi, ya zagaya da su cikin itatuwan giginya, yana nuna musu tsuntsaye da bakin bulala. Aikin da ya yi sau ba adadi ne, jikinsa ke yi, shi yana can wani wuri. Rana ta take, hayaƙin wata gobara mai nisa ya rufe sama, kowa na share gumi. Can ta wajen tafki ya hango ungulaye sun fara kewaya. Wata baƙuwa ta ɗauke su hoto.

Baƙin ba miyagu ba ne, Nicanor bai taɓa cewa haka ba. Tsofaffi ne yawancinsu, masu ladabi, suna cewa an gode ko ruwa ka miƙa musu. Abin dai shi ne baƙo raɓa ne, yau yana nan gobe ya tafi, wasu su zo da irin hulunan, da irin tambayoyin. Shi kuma kullum yana nan da hular fata, yana musu makiyayi.

Bayan abincin rana suna zaune a baranda, sai wani dogon tsoho daga Jamus, mai kyamara kamar taɓarya, ya sauko da ƙahon daga ƙusar da ake rataye shi. Ya cika kumatu ya hura, ƙahon ya saki wata ƙara kamar tusar alfadari. Aka fashe da dariya, har da shi. Ya miƙa wa Nicanor yana magana da yarensu.

"Ya ce ka nuna masa yadda ake sa leɓe," in ji Graciele.

"Ce masa leɓena ya tsage."

"Padrinho." Ta yi ƙasa da murya, fuskarta na murmushi don baƙi. "Sau ɗaya. Don Allah kada ka ba ni kunya."

Ya karɓa. Ya yi niyyar ya yi gajeriyar busa, ta kiran abinci, wadda ba ta da nisa. Amma ƙaho ba ya rage murya don mai shi na jin nauyi. Ƙarar ta fita ta bi saman fadamar, ta mutu. Sai daga can nesa, ta wajen tafki, wani kuka ya taso, mai kauri, a shaƙe, ya ja ya yanke.

Baƙin suka tafa. Dogon tsohon ya buɗe baki don mamaki, yana nuna wajen da yatsa, wai an amsa. Graciele ba ta tafa ba. Ta dubi Nicanor, ta dubi wajen tafkin, kuma ya ga lokacin da ta gane. Ta sunkuya ta shiga tattara kofuna.

Ya rataye ƙahon. Ya jira har baƙi suka shige ɗakunansu masu sanyi, gida ya yi shiru irin na tsakar rana, karnuka ma sun bi inuwa. Bai ɗauki doki ba. Ya soke wuƙarsa a bayan ɗamara ya bi ta bayan garken maruƙa da ƙafa. Zulmira na tsaye a ƙofar kicin da tsumma a hannu. Ba ta kira shi ba, shi ma bai waiwaya ba.

Tafiyar ta yi masa nisa. Ƙasa na ƙuna ta cikin takalmi, gwiwarsa ta hagu na sara. Bai yi wani dogon tunani ba, gajiya ta fi ƙarfin tunani. Ya san dai in ya koma mai yiwuwa ne a ce ya tattara, kuma ya san ba zai iya zama a baranda har yamma yana jin wannan kukan a kunnensa ba.

Ungulaye sun riga shi. Sun sauka a kan lakar sun yi da'ira, biyu na bisa gadon bayan san. Ya jefe su da ɓangaren busasshiyar laka, suka yi tsalle gefe kaɗan suka tsaya suna kallonsa, ba su ko tashi ba. Tenente ya ƙara nitsewa, alamar ya yi ta yunƙuri bayan ya ji busar. Lakar ta kai masa kafaɗa. Idonsa na dama babu, sai rami da ƙudaje.

Nicanor ya shiga taɓon. Da ya isa ya dafa goshin san, a wurin farin tabon nan da ya saba sosa masa. San ya juyo da ido mai gani, ya busa masa numfashi mai zafi a ciki.

"Ni ne, tsoho," in ji Nicanor. "Ba kogi. Ba garke a bayanka. Wasa nake yi wa mutane, ka ji? Wasa ne."

Ya tsaya haka har numfashin san ya ɗan lafa. Sannan ya zare wuƙar, ya laluba da babban yatsa bayan ƙahonin, inda ƙeya ta haɗu da wuya, ya yi abin da ya zo yi. Kan ya sauka a hankali bisa lakar. Jini ya bi ɗan ruwan da ya rage ya bazu.

Rami kam babu halin haƙawa, kuma mutum ɗaya ba ya ciro sa daga taɓo. Ya saro ganyen giginya ya rufe masa fuska. Ya san iska ko ungulu za su yaye shi kafin ya kai gida, amma ya rufe. Baƙin ciki ya taso masa, ba mai sa kuka ba, mai sa mutum ya ji yana son ya kwanta a inda yake. Ya wanke wuƙar, ya kama hanya.

Ya sami Graciele a ɗakin wanki tana ninke tawul, mai wankin ba ta da lafiya. Ta dubi sabuwar lakar da ke jikinsa, ta dubi hannun rigarsa.

"Ka yi?"

"Na yi. In za ki kira mai gandun, ki kira. Zan gaya wa Zulmira ta fara ɗaure kaya."

Ta ninke tawul ɗaya, ta ɗora, ta ɗauki wani. Ya jira ta yi faɗa, ya ma fi son ta yi. Ba ta yi ba.

"In na kore ka wa zai tuƙa motar?" ta ce. "Ramão? Ya zuba min tsofaffi a rami?" Ta goge fuska da tawul ɗin da ta gama ninkewa, ta ga ta ɓata shi, ta jefa cikin na wanki. "Je ka yi wanka, padrinho. Da la'asar za mu fita. Ka sa riga mai tsabta."

Da la'asar ya fito da a-kori-kurar da aka jera wa benci a baya. Ramão na ɗora akwatin ƙanƙara, ya matso kusa da taga yana washe baki.

"An ce ka sallame shi? Ai ka taimaki yarinyar, kumpadre. Jini a ruwa, da wannan iskar? Ko mura damisar take yi sai ta ji. Da yana da rai sai ta yi ta leƙe har duhu, amma wannan an dafa an zuba mata."

"Rufe ƙofar bayan, Ramão."

Baƙi suka hau, kowa da kyamararsa a wuya. Graciele ta zauna gaba kusa da shi. Da suka kusa tafkin ya bar hanyar mota ya zagaya ta yamma, ya hau wani ɗan tudu, ya kashe injin. Ganyen giginyar ya riga ya faɗi gefe. Ungulaye sun cika wurin.

Ba su daɗe ba ungulayen suka tashi gaba ɗaya. Damisar ta fito daga kurmi ba gaggawa, ƙatuwa, cikinta na kusan taɓa ciyawa. Ta tsaya ta dubi motar kamar yadda ake duban tsohon kututture, ta taka lakar a hankali, ta hau gadon bayan san. A bayan motar numfashi ya ɗauke, sai ƙarar kyamarori kamar ana tsince shinkafa a faranti. Wata tsohuwa ta fara kuka a hankali don murna. Dogon Bajamushen ya zuro hannu ta taga ya matse kafaɗar Nicanor, ya ce wani abu.

"Ya ce ka iya ajiye mota," Graciele ta raɗa, idonta a ƙasa. "Wai hasken ya yi daidai."

Sai a lokacin Nicanor ya lura. Rana na bayansu, iska na busowa daga tafkin zuwa gare su, ba ciyawar da ta tare kowa. Bai yi shawarar haka ba. Hannuwansa ne suka kawo motar inda ya kamata, kamar kullum. Ya kafa ido a kan sitiyari, yana jin ƙarar fata na yagewa.

Aka ƙwanƙwasa rufin motar sau biyu daga baya, a hankali.

"Suna so a ɗan matsa," in ji Graciele. "Kaɗan kawai, padrinho."

Bai kunna injin ba, don kada ta firgita. Ya saki birki a hankali, motar ta gangara.